Mai Farin Rawani a Ƙofar Masallaci

Ina da shekara goma lokacin da yayana ya dawo Tabotaki daga ci-rani da 'yar tele, wato talabijin, da na'urar wasan harbi. Wata rana bayan azahar ni kaɗai ne a zaure, ina ratsa wani gari na cikin wasan, ina harbin duk wanda ya leƙo. Can sai aka fara kiran salla a garin na cikin tele.

Kakana yana bakin ƙofa yana tufkar igiya. Na ji ya fara amsa wa ladan a hankali, yadda ya saba. Ya zaci la'asar ce ta yi. Ya shigo ɗaukar buta daidai lokacin da na kayar da wani mai farin rawani irin nasa a ƙofar masallaci.

Ya daɗe tsaye yana kallo. Mutumin da ba ya wuce ni bai tsokane ni ba, ranar ko murmushi bai yi ba.

Na ce, "Kaka, wasa na hwa, ba mutum na ba."

Ya ce, "Na jiya. To wanga da ka kashe, wa za shi yi mishi salla?"

Na fashe da dariya. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Ranar jana'izar kakan nawa sahu ya kai har bakin hanya. Ina cikin sahun, amma hankalina yana kan wancan da na bari kwance, ba kowa a kansa.