Baƙin da Suka Yi Gini a Jarka

Kawo kunnenka in ba ka wani misali. A wata unguwa an yi wata mai kunun aya, ana ce mata Iya Yalwa, wadda hannunta ya yi suna har ana tsokanar cewa in ta markaɗa dabino da kwakwa, mai azumi ya sauya hanya. Kwatsam sai kunun ya juya mata baya. Ta tace da sassafe, ta ɗura a jarkoki, kafin azahar ya yi tsami yana kumfa, ko da ƙanƙara a ciki. Ta zargi mai aya, ta sauya shi. Ta zargi ruwan rijiya, ta koma na famfo. Matar nan kuwa ba ƙazama ba ce, kowa shaida ne. Kullum sai ta ɗura wa jarkokin tafasasshen ruwa, har ɗaya ta lanƙwashe kamar tsohuwa mai ciwon baya, ta bi su da bilic, ruwan wankin nan mai warin gaske, har idonta na hawaye. Abin ya ɗan lafa, sai ya dawo kamar an aiko shi. Ga 'yarta ta fari ta haihu, ga shi ta riga ta cika baki a gaban surukai cewa ba mai sayen lemon kwalba a sunan jikanta, kununta zai shayar da kowa. Tsoron jin kunya a gabansu ya hana ta sakat.

Ana gobe suna sai ga ƙanwar mijinta Kubura, mai aikin jinya a asibiti, ta zo taya aiki, ta tarar da ita ta zabga tagumi. Da ta ji damuwar, ta zura yatsa a wuyan jarka ta shafo bangon ciki, yatsan ya fito yana santsi kamar an tsoma shi a miyar kuɓewa. Ta tuntsire da dariya ta ce, "Yaya, ai baƙi gare ki, har sun yi gini ba ki sani ba." Ta yi mata bayani cewa ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, in suna yawo ɗai-ɗai cikin ruwa, zafi ko bilic kan gama da su nan take. Amma in suka sami bango suka manne, sai su haɗa kai su fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, hawa kan hawa. Ruwan zafi ya ƙone na waje, kafin ya ratsa ya huce. Bilic ya ƙarar da ƙarfinsa a kan yauƙin. Na can ciki kuwa su lafe kamar masu barci, da sun ji zaƙin sabon kunu su farka su hau hayayyafa. Maganin abin shi ne a fara goge ginin, to amma bakin jarka ba ya cin hannu, balle soso.

Nan Iya Yalwa ta tuna yadda mahaifiyarta ke wanke gora a ƙauye. Ta ɗebo 'yan tsakuwa masu sulɓi, ta zuba a kowace jarka da garin sabulu da ɗan ruwa, ta toshe, ta miƙa wa matan da suka zo aikin suna. Aka hau girgizawa. Caka-caka, caka-caka, ba a jima ba sai hannuwa suka daidaita, girgiza ta zama kiɗa. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ci ɗamara da mayafi ta faɗa fili, har ita Iya Yalwa, da ciwon gwiwarta da komai, ta taka rawa rungume da jarka kamar ita ce jaririn. Da aka tsiyaye ruwan, sai ga yauƙi na fita guntu-guntu. Sannan aka ɗauraye, aka bi da ruwan zafi, aka kife jarkokin a rana suka bushe ƙayau.

Ranar suna kunu ya kai magariba garɗinsa na nan daram. Uwar mijin 'yarta, wadda ba ta cika yabo ba, ta sha ta ƙara, ta rage murya ta roƙi na tafiya gida. Daɗi ya kama Iya Yalwa har ta rasa inda za ta sa kanta. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, ruwan zafin da ya gama da baƙin nata shi ne dai wanda suka daɗe suna yi wa dariya. Halitta mafi ƙanƙanta ta gagari wuta muddin tana dunƙule, ta kuma hallaka ranar da aka farraƙa ta. Gaskiyar Hausawa da suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.