Hoton da Na Nuna wa Baba

Shekarar da muka yi shukar binne sau biyu a Gangara gero bai tsiro ba, malaminmu ya ba ni aron wani hoto da ya yanko daga mujallar da 'yan kasuwa suka kawo daga Maraɗi. Ya ce wata duniya ce can sama. Ƙasar jawur take, duwatsu zube, ga wani ƙaton dutse da ya taɓa aman wuta.

Bayan la'asar na tarar da Baba a zaure da maƙwabta biyu, ƙwaryar ragowar iri a gabansa. Na miƙa masa hoton ina taƙama.

Ya daɗe yana kallo. Ya shafa takardar da babban yatsa, yadda yake murza ƙasa ya ji ko da laima.

"Su ma ruwan bai sauka ba? Allah shi ba su damana."

Na fashe da dariya. "Wanga rashin boko na, Baba! Babu kowa can, ko mutum guda."

Maƙwabtan suka sunkuyar da kai. Baba bai tsawata mini ba. Ya mayar mini da hoton, ya ce a hankali:

"Ashe sun riga mu tashi."

Sai da na girma Inna ta gaya mini shawarar da suke yi ranar: a cinye irin a bar gari, ko a sake binnewa. Ni na ɗauka bai gane hoton ba, ashe shi ya san abin da yake kallo. Har ya rasu ban ce masa ya yafe mini ba.