Gonar Wardi

"To, kin yarda ki sayar mana da gonar?" Baturen Ingila ya tambaya, ya turo takarda gabana.

Da shekaru saba'in a kaina na shiga ajin Turancin kasuwanci, don in sayar da man wardina ba tafinta. Malamarmu a garinmu Kazanlak ta nanata cewa ba a ce wa ɗan Ingila a'a kai tsaye, sai dai, "Shawara ce mai ban sha'awa." Ban taɓa gamsuwa da wannan ba, amma ita ce ta fito daga bakina. Na gyaɗa kai da ƙarfi, har sau uku.

Baturen ya miƙe da murna, ya kama hannuna.

Mijin 'yata, wanda ya daɗe yana son a sayar, ya raɗa mini, "Mama, karatu ya yi rana. Kin ba da hannu gaban shaidu, kada ki kunyata mu."

"Munafuki, ai ka ga kaina."

"Na gani. Baturen ne bai iya karanta shi ba."

A Bulgariya, wanda ya gyaɗa kai cewa yake a'a. Surukina ya cire murfin alƙalami, ya sa mini a hannu.