Ɗamarar Ƙugu

Ranar Talata, ana tsuga ruwan sama, likita ya ɗaga hoton ƙugun jaririyar, ya ce har yanzu ƙashin bai koma gurbinsa ba.

Mako goma sha biyu ke nan kullum sai uwar ta ɗaura wa 'yarta ɗamarar da likita ya bayar, mai ware mata ƙafafu don ƙashin ya koma, kafin ta wuce shagon ɗinki.

Likita ya jujjuya ɗamarar. "Wannan ai kamar sabuwa take."

Surukar uwar, kakar jaririyar, wadda ta rako su, ta gyara zama. "Ni nake kwancewa da zarar ta fita. Jikar tawa kwaɗo ce? Zani nake samu in naɗe ƙafafun tam, su miƙe sambal."

Uwar ta ce, "Mama, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Ke, rufe min baki. Haka na yi wa ubanta, ga shi ya girma har ya aure ki."

Uwar ta waiwaya. Mijinta ne ke shigowa riƙe da lema, yana jan ƙafar hagu kamar kullum.

An rasa mako goma sha biyu, da damar warkewa ba tiyata, da gaisuwar safe tsakanin mata biyu.