Ranar da Aka Buga Kuge Babu Kwalekwale

Na ji kana ta yabon kamfanin nan da ake shirin damƙa wa tashar jiragen ruwa, wai su za su gyara, su za su gudanar, mu namu shan romo. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani gari a bakin babban kogi wanda bai taɓa gina ganuwa ba, don kogin ya ishe shi kariya. Gidaje suna wannan gaɓa, gonakin fadama suna ƙetare. A garin akwai wani dattijo mai fito, wanda ya gaji tuƙin kwalekwale kaka da kakanni, kuma shi da abokan sana'arsa suna da wata al'ada da ba a karyawa. Duk ranar da aka buga kuge, wato mahara sun doso, kowa zai yar da abin da ke hannunsa ya tuƙa zuwa ƙetare, a kwaso manoma da mata da yara, ko akuya ba a bari. In an gama, sai a cika kowane kwalekwale da duwatsu a nutsar da shi a gindin gari. Mahara su iso su tarar da ruwa shimfiɗe a gabansu, su ƙaraci zage-zagensu su juya. Ana nan sai wasu fatake masu gishiri da goro suka haɗa jari, suka zo wa sarki da magana mai zaƙi. A ba su mashigin, su kawo manyan jirage masu ɗaukar jaki da kayansa, su gina matakala ta dutse a bakin ruwa, fada kuma ta riƙa samun rabonta duk ranar kasuwa. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada wani ya ƙara yin fito sai su. Dattijon nan ya je fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya tambaya ranar kuge wa zai kwaso mutane, wa zai nutsar da jirgi. Fadawa suka bushe da dariya, suka ce tsoho tuwonsa yake karewa, ai rabon da a ji kuge tun ba a haifi wasunsu ba.

Ba zan ci amanar fataken ba, sun cika abin da suka faɗa. Kasuwa ta cika ta batse, gishiri ya yi araha har ana ba awaki, mata suka daina tattare zane kafin su shiga jirgi. Shi kansa dattijon, da yake ɗan Adam ne, sai ya saba. Kwalekwalensa ya bushe a tudu ya tsattsage, kuma da aka tashi bikin 'yar autarsa itace ya yi ƙaranci, da hannunsa ya faskara shi aka dafa abincin biki. Yarinyar ta auri wani manomin shinkafa, kullum tana ƙetare tare da shi.

Wata ranar kaka da hantsi, tana can wajen yankan shinkafa da goyo a bayanta, sai ƙarar kuge ta cika gari. Dattijon ya ruga bakin kogi kamar yadda ƙafafunsa suka saba, ya isa ya tuna ba shi da abin tuƙawa. Ga jirgin fatake ɗaya a ɗaure, shaƙe da fatu. Ya kama rigar wakilinsu yana roƙo a sauke kayan a je a kwaso mutane, ya ce shi zai tuƙa, ya san ruwan nan kamar yunwar cikinsa. Wakilin bai ɗaga murya ba, har da ladabinsa ya amsa.

"Baba, jirgin nan ba na garinku ba ne, na masu jari ne. In mahara suka ƙona shi, wa zan ce ya ba ni izini?"

Sarki ya aiko dogari da umarni, wakilin ya tuna masa cewa sarki da bakinsa ya sallama mashigin. Ana cikin wannan ja-in-ja mahara suka sauka a fadama. Dattijon yana tsaye a kan matakala, ya hango ana tattara mutane ana ɗaure su a igiya ɗaya, ya gane 'yarsa da zanen da uwarta ta rina mata. Ya kira sunanta har muryarsa ta dishe, amma kogin ya fi ƙarfin murya. Bai gama wannan baƙin ciki ba sai ya ga wani jirgin fataken, wanda ke ƙetare, ya taso. Matuƙansa sun yi ciniki da mahara, a bar musu jirgi da kayan iyayen gidansu, su kuma su ƙetare da su. Jirgi mai ɗaukar jaki ai ba ya ƙin doki. Kafin azahar gari ya zama toka.

Ba a yi wata guda ba fito ya ci gaba, fataken suna kai rabon fada ga sabon mai gari, ko kwana ɗaya ba su makara ba. Dattijon ya tsira da ransa, kuma bai taɓa ƙirga wannan cikin sa'a ba. Ya ƙare kwanakinsa yana tare baƙin da suka sauko daga jirgi, yana tambayarsu ko sun ga wata mace mai goyo a kasuwannin da suka ratso, har ya mutu ba wanda ya ce masa i. Abin da ya fi ci masa rai, bai samu wanda zai tsine wa ba. Fataken ba su taɓa cewa sun zo tsaron gari ba, riba suka zo nema, kuma kowa ya san haka ranar da aka miƙa musu kogin. Shi ya sa Hausawa ke cewa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.