Gwajin Bugun Zuciya

Tun da aka kafa dokar auna bugun zuciyar mai neman aiki, shagunan koyon dakiya suka cika Funtuwa. Duk wanda zuciyarsa ta firgita a gaban na'ura ba a ɗaukarsa.

Tasalla tana neman aiki a wani kamfanin ruwa, shi ya sa kullum take zuwa shagon Malam Garzali. Yakan ɗaura mata na'urar a hannu, ya riƙa faɗa mata munanan labaran ƙarya: gidanku ya ƙone, ƙaninki ya yi hatsari. Da farko takan zabura. Daga baya ta daina.

Ranar gwaji tana zaune a layi, yayanta Sagiru ya kira ta.

"Tasalla, Inna ta rasu yanzun nan."

"Malam ne ya sa ka, Yaya?"

"Wane Malam? Ki taho gida!"

"To, Allah ya jiƙanta. Zan zo in an gama."

Ta shiga, ta ci gwajin, har ma'aikacin ya yaba mata. Da ta koma gida ta tarar da mata cike da tsakar gida suna kuka. Ta zauna a cikinsu, ta ja mayafi ta rufe fuska, don kada su ga idonta a bushe.