Falon da Ya Fara Amsawa

Mai gyaran rediyo bai ko taɓa sifikokin ba. Ya tsaya tsakiyar falo, ya tafa hannu, bango ya mayar masa da tafinsa.

Na ce masa tun bayan Sallah sautin ya lalace. Ganga ta koma kamar ana bugun garwa, muryar mawaƙi tana karo da kanta. Na sauya ampli a kasuwar Konni, na sayo sababbin wayoyi, har wutar lantarki na zarga.

"Alhaji, kayanka lahiyarsu lau," in ji shi. "Ɗakin ga ne ya canza. Labule, darduma, kujeru, su ke shanye amsa-kuwwa. Mi aka hidda?"

Na dubi ƙusoshin da suka rage a bango, da sawun ƙafafun kujeru a simintin da darduma ta saba rufewa. Bayan sadakar arba'in ɗin matata ne 'yan'uwanta suka zo daga Badaguishiri da mota, suka kwashe kayan ɗakinta, har da na falon nan, don a raba wa magada.

Shekara da shekaru tana roƙona in rage ƙarar nan. Ashe daɗin sautin ma ita ta shimfiɗa mini shi.